Babur a Bakin Makabarta

A kan tanki Baba ya zaunar da ni ranar da ya kai ni Kongo a tsohon babur ɗinsa. Har yau ina tuna zafin ƙarfen a cinyata. Muna dawowa Tudun Wada bayan la'asar, sai ya kashe babur daidai katangar makabarta, ya sauka yana turawa, ni ina kai.

Na ce, "Baba, mai ya ƙare ne?"

Ya ce, "Akwai mai. Mutane na kwance a nan, ba a wuce su da ƙara."

Ba na jin komai sai numfashinsa a bayan kunnena. Sai da katangar ta ƙare ya tayar.

Yanzu babur ɗin yana hannuna, Baba kuma yana bayan katangar nan. Bakanike ya canja fulogi, ya rantse mini lafiyar babur ɗin lau, amma duk sanda na iso wurin sai injin ya mutu. Sauka nake yi in tura. Ba na waiwayawa, don numfashin da nake ji ba nawa kaɗai ba ne.