Masunci a Kan Ƙanƙara

Sallau, tunda ka dage kai ba ka bukatar wanda zai nuna maka hanya a garin da za ka, wai don tun kana yaro ka iya sana'arka, matso in ba ka wani misali. Ban ce ba ka iya ba. Shi ma wanda zan ba ka labarinsa ya iya, har ya fi ka.

Wani masunci ne a bakin babban kogi, irin waɗanda in sun dubi fuskar ruwa sukan gaya maka abin da ke kwance a ƙasa. A cikin kwale-kwale furfura ta same shi. In ya wurga birgi, wato tarun nan da ake jefawa da hannu, masunta 'yan'uwansa ma tsayawa suke su yi kallo. 'Yarsa tana aure a wata ƙasa mai nisa, can inda sanyi ke daskarar da tafki har mutane su taka samansa su wuce. Da ta haihu, mijinta ya aiko aka kai tsohon ya ga jika. Ya tarar da ita ta rame, abinci duk ya fita ranta. Ta ce ita da za ta sami farfesun kifi sabon kamu, irin wanda ake yi a gida, da ta sha. Uban ya ce in dai akwai ruwa a garin nan, to za ta sha, kuma daga hannunsa. Ka kuwa san masunci da alkawarin kifi, gara ka zage shi da a ce ya dawo hannu rabbana.

Surukin yana da wani maƙwabci ɗan ƙasar, wanda ya saba kamun kifi a kan ƙanƙara, shi ya kai su tafkin da safe. Ya huda ƙanƙarar da wani murɗaɗɗen ƙarfe, ya yi wa kowa ɗan rami kamar bakin tulu, ya ba kowa guntuwar sanda da ƙugiya 'yar mitsitsiya. Kifayen wurin ƙanana ne, kamar karfasa, ba su wuce tafin hannu ba. Sanyi ya kashe musu jiki, ba sa fizgar ƙugiya, sai dai su ɗan taɓa ta a hankali. Tsohon ya kife bokiti ya zauna a kai, ya cire safar hannunsa don ya riƙa jin motsin zare. Maƙwabci ya ciro ɗaya, ya ciro wani. Har surukin, wanda bai san gaban kifi da bayansa ba, ya kama nasa. Masunci ko ɗaya. Abin ya ci masa rai ƙwarai, don a gaban mijin 'yarsa ake yi.

Can ya ɗaga kai ya hango wata kwana mai ciyayi, inda rafi ke shigowa tafkin. To, duk ɗan kogi ya san inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya nan kifi ke taruwa, kuma gaskiya ne, ba ƙarya. Ya ɗauki sandarsa da ƙarfen huda ya miƙe. Maƙwabcin ya yi ta ɗaga hannu yana magana da yarensu. Surukin ya biyo shi da sauri, ya rusuna, ya ce, "Baba, ya ce ruwan da ke gudu yana cin ƙanƙara ta ƙasa. Sama fari ne duka, amma can ba kauri." Tsohon ya ji sarai. Ya ce, "Ni za a koya wa ruwa?" Da ɗan'uwansa ne da yaron nan ya riƙe masa riga, amma wa zai riƙe rigar surukinsa? Ya tsaya yana kallo, kunya ta ɗaure masa hannu.

Bai kai ga ciyayin ba ƙanƙarar ta yi ƙara ta buɗe, ya faɗa har wuya. Iyo kam ya iya, amma wannan ruwan ba irin na kogi ba ne, numfashi yake fara ƙwacewa kafin mutum ya motsa. Ya kama gefen ƙanƙara da hannu tsirara, ta ɓalle, ya sake kamawa. Maƙwabcin ne ya kwanta rub-da-ciki ya ja jiki, ya jefa masa igiya, suka jawo shi. Kafin a kai shi inda ke da ɗumi an ɗauki lokaci, ga iska tana kaɗawa. Da yake yana da sauran kwana, ya tashi. Amma yatsun hannunsa na dama sun yi baƙi, daga baya likitoci suka yanke uku. Farfesun kuwa an yi shi, da kifin da maƙwabci ya kama. Mai jego ta kai cokali baki sau ɗaya, kuka ya hana ta haɗiyewa.

Ya koma gida, kogi yana nan inda ya bar shi. Sai dai birgi da yatsu ake tattara shi, da yatsu ake sakinsa. Yanzu in an fita su, a bayan kwale-kwale yake zama, ya nuna wa matasa inda kifi yake da haɓa, su jefa yana kallo. Saninsa bai taɓa yi masa ƙarya ba, ƙasar ce ba tasa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari.