Hular Kwano a Akurkin Kaji

Mari ɗaya Khiem ya yi wa tsohon, tsohon ya kife cikin kaji, baki na jini.

Shekara da shekaru Khiem na bin sawun kakansa, matuƙin jirgin yaƙin da aka harbo lokacin yaƙi a wannan ƙauye na lardin Quang Tri. Yau ya tarar da hular kwanon kakan a akurkin kajin wannan tsoho, ga sunansa a jiki, kaji na tsattsagar shinkafa a ciki.

"Kai ka kashe shi, tsohon banza!" Ya take masa ƙirji, ya fizgo addar da ke jingine da bango. "Ina gawarsa? Duk shekara kakata Nhan sai ta dafa kaza ta kunna turare gaban hotonsa, ko ƙashi ɗaya ba mu samu mun binne ba!"

Tsohon ya tofar da haƙori. "Da addar nan aka zo sare shi, yaro. Ya ƙone wa mutanen ƙauyen nan gidaje da 'ya'ya. Suka ce ko ya mutu, ko ya zauna ya gina abin da ya rushe."

Ya ƙare wa Khiem kallo.

"Hancin matata Nhan ka ɗauko. Har yanzu tana cika wa kazar gishiri?"