Jakin da Ya Koyi Durƙuso

Zinariya na zaune a ƙofar gidansu a Kurfi, ta lulluɓe ƙafafunta da suka shanye tun tana yarinya, sai ga Hudu, maɗinkin nan na Dutsin-Ma, janye da jaki.

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Malam Hudu, na faɗa maka ba zan aure ka ba. Duk ranar da na so ganin Inna, sai ƙarti sun cicciɓe ni sun ɗora a motar gyaɗa kamar buhu, mutane na kallo? Gara in tsufa a nan."

Hudu ya matso kusa. Ya taɓa gwiwar jakin da sanda, sai jakin ya durƙusa a gabanta kamar raƙumi.

"Tun farkon damina nake koya masa," ya ce a hankali. "Babu mai ɗaukar ki, ko da ni ne."

Ta daɗe tana kallon jakin, sannan ta saci kallon Hudu. Ta ja jiki, ta kama akumari, ta hau da kanta. Jakin ya miƙe.

"Ba ni sandar," ta ce. "Kai kuma yi sallama, Baba na zaure."