Shafuka Huɗu da Suka Ɓace

Littafin ya daki tebur har ƙura ta tashi, ɗalibai uku da ke gyangyaɗi a ɗakin karatu na kotu suka zabura.

"Malama, zo ki ga aikinku!"

Mai ihun shi ne lauyan da ake wa laƙabi da Gagarau. Shekara ashirin da biyu yana shari'a, kuma a faɗarsa ba a taɓa kayar da shi ba, sai dai alƙali ya yi kuskure. Ranar Litinin ce, zafi kamar a cire fata, amma kwat ɗinsa a rufe take har wuya. Mutum mai daraja ba ya tuɓe kwat don rana.

Ga abin da ya kawo shi. Wata mata da tsohon mijinta suna jayayya a kan 'yarsu mai shekara bakwai. A wata ƙasa aka ɗaura auren, a can aka haifi yarinyar, don haka alƙali ya ce dokar can zai bi, amma sai lauyoyi sun kawo masa ita a rubuce. Ana ta cewa sashe na arba'in ya ba uwa riƙo. Kotu kuwa ba ta aiki da "ana cewa". Idan Alhamis ta yi ba a kawo sashen ba, uban zai hau jirgi da yarinyar, uwar ta koma ganin 'yarta a hoto.

A duk garin, kundin dokokin ƙasar can guda ɗaya ne tak, kuma ga shi a buɗe. Daga sashe na talatin da tara sai na arba'in da ɗaya.

"Shafi huɗu cif!" in ji Gagarau, yana dukan wurin da babban yatsansa da ke naɗe da filasta. "Da reza aka yanke. Ke kina ina? Saƙa kike yi?"

Malama, wadda ta shekara talatin tana kula da ɗakin, ta gyara tabarau ta fara ƙirgawa. Huɗu ne kuwa.

"Ranka ya daɗe, ranar Juma'a na share masa ƙura, lafiyarsa lau. Asabar kuma babu mai shigowa sai manyan lauyoyi."

"To manyan lauyoyi ne ɓarayi ke nan? Ki maimaita, in rubuta!"

Ba ta maimaita ba. Ɗaliban suka sunkuyar da kai.

Ku dubi wahalar da bawan Allah nan ya sha. Ranar Talata ya je jami'a, aka fito masa da bugun da aka yi tun kafin a gyara dokar. Ya tambaya sau uku ko akwai wani a ajiye, aka ce babu. Ya kira su maƙabartar takardu, ya fita. Ya sa aka duba a kwamfuta: dokar tana nan, amma cikin harshen can, fassarar na'ura kuma ta mayar da "riƙon yaro" "ajiyar kaya". Babu alƙalin da zai karɓi wannan. Ya je ofishin jakadancin ƙasar, akawu ya ce irin wannan buƙata wata uku take ɗauka.

"Ka tabbata? Ba za a samu kafin nan ba?"

"Ba za a rage ko da kwana ɗaya ba, ranka ya daɗe."

Ya zage shi tas, ya dafe ƙirji kamar mai ciwon zuciya, ya buga ƙofa.

Ranar Laraba ya dawo kan Malama. Uwar yarinyar tana zaune a bencin baranda, ita da lauyarta, wata sabuwar shiga da ba ta ma san akwai wannan kundi ba sai da ta ji ihun Litinin. Gagarau ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Takarda nake so, da hatiminki, cewa babu wannan sashe a ɗakin nan, kuma babu inda za a same shi. Alƙali ya san ba laifina ba ne. Ki kawo mini kotu gobe da kanki, tunda tsaron littafi ya gagare ki."

Malama ta dube shi. Shekara talatin ba a taɓa yi mata tsawa a gaban ɗalibai ba, sai a makon nan.

"Zan zo, ranka ya daɗe."

Ta zo kuwa. Ƙarfe tara ta shigo kotu da ambulan, ta wuce Gagarau da ya miƙo hannu, ta ba magatakarda.

Ashe baƙin cikin zagin ne ya tuna mata da wata ƙawarta da suka yi kwas tare tun suna 'yan mata, wadda yanzu ke kula da ɗakin karatu na babbar kotun ƙasar can. Tun ranar Litinin ta buga mata waya. Shafukan suka iso da fassarar hukuma, Malama ta je ta zauna a gaban akawun jakadanci, ta ƙi tashi sai da ya buga hatimi.

"Babban lauya ne ya matsa, ya mai shari'a," in ji ta. "Ba don faɗansa ba, da ban motsa ba."

Alƙali ya karanta sashe na arba'in a fili, ya ba uwa 'yarta, sannan ya yaba wa Gagarau kan irin himmar da ta yi ƙaranci a zamanin nan. Uwar ma har da durƙusawa tana sa wa Gagarau albarka.

Gagarau, lauyan uban yarinyar, ya yi murmushin dole, hannunsa dafe da aljihun kwat, inda shafukan nan huɗu da ya yanke ranar Asabar suke kwance a ninke.