Hoton 'Yan Aji Biyar

Ranar ɗaukar hoton aji, yarinyar ta cire baƙin tabaranta ta miƙa wa mahaifiyarta.

"Mama, riƙe min."

"Kin tabbata? In kina so, sai mu ce ba ki da lafiya."

"Na tabbata."

Shekara guda ke nan da idanunta suka firfito. Tana ci tana ramewa, hannunta na rawa har rubutu ya gagare ta, 'yan aji suka laƙaba mata Mujiya. Likita ya taɓa gaban wuyanta, ya auna jininta, ya ce ciwon tayirod ne. Da shan magani kullum rawar hannun ta daina, kumatu suka dawo. Idanun ne ba su gama komawa ba, likitan kuma bai yi alkawari ba.

Maimakon layin baya inda ta saba ɓuya, ta zauna a gaba kusa da Malama. Wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Ba ta waiwaya ba.

Mai hoto ya ɗauka sau uku, yana dubawa yana tsaki. Can ya nuna yarinyar da yatsa.

"Haba yara, duk kun lumshe kamar masu gyangyaɗi. Ku dubi wannan. Kowa ya buɗe ido kamar ita."

Yara talatin da tara suka zazzaro ido iya ƙarfinsu. Ita kuwa murmushi kawai ta yi, don babu wanda ya kamo ƙafarta.