Mai Odar Ranar Talata

Kowace Talata, ƙarfe tara da minti bakwai na safe, Octavian Rus yakan sayi kwalba biyu ta zakuskata mai zuma da tafarnuwa.

Zakuska dai miyar shafa wa burodi ce, kowa a garinmu Cluj yana dafa ta da yalo da tattasai. Zumar ni na ƙirƙiro. Ranar da na fara yi, mijina Anghel ya ɗanɗana, ya sha ruwa kofi biyu, ya ce, "Viorica, duniya da faɗi, za ki sami mai so." Shi ya gina mini shafin intanet na sayar da kayana, don aikinsa ke nan. Kowace iri tana tafiya, ban da mai zuma. Wata uku ba wanda ya taɓa ta. Na yi kuka a kicin. Sati na zagayowa sai ga Octavian.

Shekara shida bai yi fashi ba. Ko Talatar da muka binne Anghel, na dawo daga maƙabarta na tarar da odarsa, da ɗan saƙon da ya saba: "Hannunki da albarka, uwargida." Saboda shi na kunna murhu washegari. Ba don shi ba, da har yau ina kwance.

Bana 'yata Ilinca, wadda ta gaji aikin ubanta, ta ce shafin ya tsufa.

"Mama, abin da Baba ya ƙulla a nan kamar ɗakin ajiyarki ne. Igiya, gwangwani, takalmi ƙafa ɗaya."

Ta miƙa shafin ga na'urar nan mai tunani da suke aiki da ita a ofis. Kafin shayinmu ya huce na'urar ta share, ta sake ginawa, ta zubar da duk abin da ta ce ba shi da amfani. Shafi ya yi kyau, ya yi sauri.

Talata ta zo, ba Octavian. Wata Talatar ma shiru.

"Kin kore shi da sabon shafinki!" na ce mata a waya. "Dattijo ne, bai gane maɓallan ba."

"Ina kika san dattijo ne?"

"Yaran yanzu ba su da ladabi irin nasa."

"Mama, ko dai son sa kike?"

"Ke, rufe mini baki."

Gaskiya na sayi sabon mayafi. Talata ta uku na saka shi, na ɗauki kwalba biyu, na hau bas zuwa adireshin da nake aika kayan a unguwar Mănăștur. Ba gida ba ne. Layin gareji ne a bayan dogayen benaye, lamba goma sha huɗu. A bakin ƙofar Feri ne zaune, abokin kamun kifin Anghel, yana gyaran fatsa. Yana hango kwalaben ya miƙe tsaye.

"Feri, ka san wani Octavian?"

"Ni? Na bar wake a wuta," ya ce, ya tafi har yana tuntuɓe. Mutumin da ko ƙwai bai iya dafawa ba.

Na leƙa ta tsagar ƙofa. Kantoci ne tun daga ƙasa har rufi, cike da kwalabena, ba wadda aka buɗe.

Ina tsaye waya ta yi ƙara. Ilinca ce, ban gane ko dariya take ko kuka ba.

"Mama, na duba abin da na'urar ta zubar. Akwai wasu layukan umarni masu tashi duk Talata su aiko da oda da kansu. Baba ya bar rubutu a samansu. Ki zauna."

Na zauna a kujerar Feri, ta karanta:

"Kada a goge wannan. Octavian ni ne, Feri ke karɓar kaya, na biya na shekara goma. Kada a gaya wa Viorica, kuma don Allah kada kowa ya ɗanɗana."