Zabbi a Kan Likkafanin Kaka

Ina aji uku a Matameye, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya koya mana sassaƙa tsohon silifa, mu shafa masa tawada, mu buga hoto. Ya umarce mu mu samo farin ƙyalle a gida, bai ce mu tambayi kowa ba.

Da la'asar na buɗe adakar kakata, na tarar da farin yadi mai ƙamshin turare. Na jera masa shuɗɗan zabbi daga baki har baki.

Ta shigo, ta daɗe tana kallo. Ashe likkafaninta ne, wanda ta tsoma a ruwan zamzam.

"Maigidana," in ji ta, "da zabbi za ka kai ni kabari?"

Da ta rasu, a yadin kasuwa aka naɗe ta. Yau ni ke buga hatimi a takardun mutuwa, kuma har yanzu ban yafe wa malamin nan ba.